Kiɗan Chana a Rediyon Babana

Shekarun baya, mahaifina ya sayo wata 'yar rediyo ƙirar Chana, irin mai cin memori, don ya riƙa jin labarai a shagonsa na ɗinki a Zaitawa. Da ya kunna sai ya tarar da kiɗa guda ɗaya tak a ciki, da shi ta zo daga kamfani. Babu waƙa, babu suna. Wani abu mai kama da goge ne yake kuka a hankali, can sarewa ta amsa masa, sannan kayan kiɗa masu yawa su taso gaba ɗaya.

Mahaifiyata Bafulatana ce, a ruga ta tashi kafin aure ya kawo ta cikin birni. Shi ke nan Baba ya samu abin tsokana. Duk ranar da ta yi fushi, sai ya ajiye rediyon a ƙofar ɗakinta ya kunna, ya ce, "Fito, ga danginki na daji sun zo gaisuwa." Ita kuwa ta ce, "Malam, kai dai ba ka girma." Amma ba ta taɓa cewa a kashe ba.

Da Allah ya yi masa rasuwa, Inna ta shiga takaba. Yayata ta ga bai dace a ji kiɗa a gidan ba, ta aika rediyon wurin masu tura waƙoƙi a waya, aka share memorin tas, aka cika shi da karatun Alƙur'ani. Kowa ya yaba, Inna ma ta sa mata albarka.

Sai bayan ta fita takaba ta kira ni, kanta a ƙasa, ta ce, "Ɗan kiɗan nan na Malam, yana nan kuwa?" Tun rasuwar, wannan ne abu na farko da ta buɗe baki ta nema, kuma babu shi.

Na tuna da abokina da ke karatun likita a ƙasar Sin. Ya ce in rera masa ta saƙon murya. Na gyara zama na rera iyakar ƙoƙarina. Amsarsa ta zo da dariya: "Malam, kiɗa ne wannan ko injin markaɗe?"

Mutum ɗaya ce ta haddace kiɗan, ita ce Inna. Ga ta da kunyar Fulani, ko waƙar rarrashin jariri ba mu taɓa ji a bakinta ba. Da na roƙe ta sai ta ce, "Ni? Allah ya kiyaye." Na haƙura. Wata rana bayan la'asar ta ce, "Danna abin ɗaukar muryar naka ka ajiye nan, ka fita. Ka ja min ƙofa."

Na tura wa abokina abin da ta rera, ya kunna wa wani dattijo mai koya musu yaren ƙasar, nan take ya gane. Sai ga kiɗan ya zo, har da labarin mai shi. Ashe ɗan birni ne, yana saurayi aka tura shi can cikin makiyaya, lokacin da hukumarsu ke kwashe matasa zuwa ƙauyuka. Ya yi shekaru yana kiwon tumaki yana jin waƙoƙinsu. Da ya dawo ya karanci kiɗa, ya zama mai tsara wa manyan ƙungiyoyin makaɗa abin da za su kaɗa, amma sautin makiyayan nan bai taɓa barin kunnensa ba.

Na kunna wa Inna, na ba ta labarin. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba.

"Ashe Malam gaskiya yake faɗa," in ji ta. "Dangina ne."

Yanzu ita ma ta bi shi, Allah ya jiƙansu da rahama. Har gobe ina ƙaunar mai kiɗan nan da ban taɓa gani ba, don da kewarsa ya yi wa iyayena hidima bai sani ba. Duka biyun suna cikin wayata, nasa da nata. Nasa ya fi tsari, ban musa ba. Amma in kewa ta taso min nata nake kunnawa, muryarta na rawa tana bin gogen. A ƙarshe sai ta yi gyaran murya ta ɗaga sauti ta ce, "To, shigo mana."