Ranar da na manta ban buga birki ba

Shekarun baya, ina koyarwa a Tambuwal, na sayi wata tsohuwar Fijo da ta kusa girme ni. Birkin hannunta ya daɗe da mutuwa, dutse nake sa mata a taya. Da birkin ƙafa ma ya fara ƙara, sai na ce ai ni malami ne, abin da bakanike ya iya ba zai gagare ni ba. Na kalli bidiyo biyu a waya, na sayo takalman birki, na aro jak da sifana.

Lokacin kawuna yana gidana. Tsohon direban babbar mota ne, amma ido ya tafi, ko fuskata ba ya gani. Ya zo asibiti, kuma ranar da na yi gyaran zan mayar da shi Kebbe tare da mahaifiyata. Tun da safe yana kan tabarma a ƙofar gida ina ta ƙwanƙwasa, bai ce mini uffan ba. Ni kuwa har waƙa nake.

Bayan azahar muka shiga, kawu a gaba, mahaifiyata a baya. Gidana a kan tudu yake, layin ya gangara kai tsaye zuwa titin Sakkwato, inda bas-bas ke wucewa a guje. Na cire dutse, na tayar, muka fara gangarawa.

Na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Motar ba ta ko rage gudu ba. Ga titi yana matsowa, ga mahaifiyata tana salati. Wallahi kaina ya ɗauke gaba ɗaya.

Kawu ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Ɗaga ƙafa. Taka. Ɗaga. Taka. Yi ta bugawa, ɗana, shina zuwa."

A bugu na uku na ji birkin ya ɗan yi tauri. A na huɗu ya kama. Muka tsaya dab da kwalta, wata bas cike da mutane ta wuce ta gaban hancinmu.

Da numfashina ya dawo na ce, "Kawu, ya aka yi kuka sani?"

Ya ce, "In ka tura fistin, ƙarfen matse birki, baya kas sa sabon takalmi, sai an buga birki sannan shi dawo shi kama. Na ji ka kwance taya, na ji ka ɗaure, na ji ka sauke jak. Ban ji ka buga birki ba. Nika tsammanin ka yi sa'ad da nit tafi alwala. Laifina ne da ban tambaye ka ba."

Ni da idona biyu da bidiyona, ashe mutumin da ba ya gani ya bi aikina ɗaya bayan ɗaya da kunne, har ya san abin da na tsallake. Kuma ya ɗora wa kansa laifin.

Har muka isa Kebbe yana faɗa mini abin da motar ke ciki. A wani rami ya ce shokan baya na hagu ya mutu. Da aka duba, haka ne.

Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Fijo ma ta daɗe da barin hannuna. Amma har yau abin yana ba ni mamaki. Kowace mota na shiga, kafin ta motsa sai na buga birki sau huɗu. Matata ta taɓa tambayata wa nake bugawa. Na ce mata kawu ne ke saurare.