Rage Hanya a Motar Caji

Ni malamin dabbobi ne. Gidana yana Gummi, aikina yana Anka, saboda haka shekara da shekaru ina fita ran Litinin da safe in dawo ran Alhamis da rana. Tsohuwar motata ba wata motar kirki ba ce, ƙofarta ta baya ma sai an buɗe ta daga waje, amma ta yi suna da abu guda a wannan hanya: ba ta wuce mutum. Duk wanda ya tsayar da ni, in dai na san fuskarsa ko ya san tawa, sai na tsaya. Na ɗauki masu zuwa ta'aziyya, na ɗauki buhunan gero, na taɓa ɗauko maraƙi mara lafiya a kujerar baya, warinsa bai bar motar ba sai bayan sallah. Ba ni da dukiya, ba ni da sarauta. Wannan tsayawar ita ce ɗan mutuncin da na tara a ƙasar nan, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da shi ƙwarai.

A shekarar da injin tsohuwar ya buga, ta kwanta a gareji ba ranar tashi, ƙanena da ke aiki a Abuja ya samu tafiya karatu ƙasar waje. Shi mutum ne mai son sabon abu, yana da wata 'yar ƙaramar mota fara mai aiki da lantarki. Ya ce in riƙe ta har ya dawo, in huta da tsadar fetur. A bayan babbar mota aka kawo mini ita, don cajinta ba zai kawo ta daga Abuja ba, abin da ya kamata ya sa ni tunani tun daga ranar, amma murna ba ta bar ni ba.

Gaskiya motar ba ta cuce ni ba. Ba layin gidan mai, ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba tura ta da safe. Bakanikena har ya aiko a tambaya ko ya yi mini wani laifi ne. Tafiyarta shiru kamar mai sanɗa, awakin unguwa ba sa tashi daga hanya sai na danna oda. Wutar gari baƙuwa ce a wurinmu, don haka a Gummi nakan kai ta wurin wani maƙwabcina mai kamfanin ruwan leda, wanda ya cika rufinsa da sola, ta yini biyu tana sha a hankali. A Anka kuma wani abokina mai sayar da ƙanƙara ne yake jona mini. In rana ta fito sosai, cajin yakan kai ni ya bar saura.

Inda ta bambanta da tsohuwar a zuciyata wuri guda ne. Da mai, in ya ƙare maka a hanya, ba ƙauyen da za ka rasa mai sayarwa a kwalba, ko wani direba ya tsaya ya zuƙo maka da tiyo daga tankinsa. Wannan kuwa ba mai iya sam maka komai, ko da yana so. Ga shi hanyar tamu a shekarun nan ba wanda yake son la'asar ta wuce yana kanta. Sai na zama mutumin da idonsa ɗaya yana kan kwalta, ɗayan yana kan lambar da ke nuna sauran caji. Ƙanena ya ce mini na'urar sanyi tana cin wuta, na daina kunna ta. Daga baya har rediyo na daina kunnawa, ba don wani ya ce tana ci ba. Matata ta ce in na ci gaba a haka, wata rana numfashi ma zan riƙa ragewa.

Akwai wata tsohuwa Bafulatana da nake kira Inna. Rugarsu tana ƙasar Bukkuyum, ba nisa da titi. Tun ina sabon ma'aikaci, ina yawon allurar shanu a kan mashin, mijinta marigayi yake saukar da ni, ita kuma ta dama mini fura har in ce na ƙoshi, ta ce ban fara ba. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, Likita take cewa, in tana son tsokana ta ce likitan da marasa lafiyarsa ba sa yi masa godiya. Kusan kowace Alhamis nakan same ta a mararraba ta gama tallan nono, in rage mata hanya ita da ƙorenta, muna tafe tana ba ni labarin saniyar da ta haihu da wadda ta ƙi cin ciyawa.

Ranar da nake son ba da labarinta, tsakiyar damina ce. Kwana biyu hadari ya rufe Anka, sola ba ta kawo abin kirki ba, na baro gari cajin bai cika ba. Tun daga fitata nake lissafi a zuci, ina ragewa ina ƙarawa, ina kuma jin haushin ƙanena da ke can yana karatunsa hankali kwance. Da na iso mararraba azahar ta ɗan gota. Na hango Inna tsaye, ba da ƙoren nono ba, da babban ƙulli a ka da jaka a hannu, ta sha sabon zane. Na tsaya, na sauke gilashi.

"Likita, Allah ya kawo ka," in ji ta. "Ɗiyata ta haihu jiya, can garin mijinta. Tun hantsi nika jira, masu mashin sun ce laka ta yi yawa. Ka aje ni, ba nisa."

Na san garin. Sai an saki kwalta an bi jar hanya, tafiyar da a tsohuwar mota ba ta fi minti goma sha biyar ba in hanya ta bushe, kuma na sha shigarta da damina. Na dubi lambar, na dubi sama, na dubi ƙullin da ke kanta.

"Inna," na ce, "motag ga ba irin waccan ba ta. Wuta taka sha, kuma wutar ta yi ƙasa. In na shiga laka da nauyi tana iya mutuwa muna tsakiyar daji, ba mai iya taimakonmu."

Ta leƙo cikin motar, ta dubi kujerun da ba kowa, sannan ta shafa ƙofar da tafin hannu yadda take shafa maraƙi.

"Ayya, ashe ba ta da lahiya. To tahi, Likita, kada yamma ta yi maka. Allah shi kiyaye hanya."

Na ja mota. Ban dubi madubi ba, don na san abin da zan gani. Duk hanya ina gaya wa kaina na yi daidai, cewa da mun maƙale a daji da abin ya fi haka muni, cewa ita ma ta gane. Na shiga Gummi ana kiran la'asar. Da na tsaya a ƙofar gida na dubi lambar, sai na ga saura da yawa. Na zauna a cikin motar na auna nisan garin, zuwa da dawowa, na ƙara da laka, na ƙara da nauyinta da na ƙullinta, wanda duka bai kai buhun gero ɗaya ba. Da ya isa, har da ragowa. Kunya ta kama ni, irin wadda ba na iya gaya wa kowa, ko matata ban gaya wa ba a ranar.

Bayan 'yan kwanaki na haɗu da babban ɗanta a kasuwar shanu. Shi ya ce mini a ƙasa ta tafi, ta isa daf da magariba, laka har gwiwa, ta kwana biyu ƙafafunta a kumbure. Ba da ƙorafi ya faɗa ba, yana faɗa yana duba haƙoran wani bijimi. Sai ya ƙara da cewa, "Inna ta ce sabuwar motarka ba ta da ƙarhi, Likita. Allah shi sawwaƙe. Ta hana kowa ya dame ka."

A lokacin ban gane nauyin maganar ba, sai da Alhamis ta zagayo. Na cika caji har ya ƙi karɓa, na iso mararraba ina rage gudu kamar kullum. Mutanen da na saba ɗauka suna nan a gindin bishiya, mai gyaran rediyo, da wani malamin makaranta, da matan nono. Suka gaishe ni da fara'a, suka yi mini fatan sauka lafiya, ba wanda ya matso. Na ce wa malamin ya shigo mana, ya ce a'a, yana jiran wani. Ba wanda yake jira, na san shi. Mako na biyu ma haka, na uku ma haka. Ashe Inna ta bi kowa ta rufa mini asiri, ta ce kada a ga laifina, motar ce rarrauna, ko mutum ɗaya aka ƙara mata sai ta faɗi a daji. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abokan aiki sukan tambaye ni ko su ma su nemi irin motar. Nakan ce in kana da inda za ka jona, kuma tafiyarka sananniya ce, za ka ji daɗinta, amma ka ba kanka lokaci ka san iyakarta tun kafin ranar da wani zai buƙace ka. Ni sai bayan wannan rana na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki Asabar guda na loda mata buhuna huɗu, na kunna sanyi da rediyo, na yi ta zagaya bayan gari ta cikin yashi da laka, ina kallon yadda lambar take sauka. Ta fi ƙarfin abin da nake zato nesa ba kusa ba.

Sai a mako na huɗu na sake ganin Inna a mararraba, ta koma tallanta. Na faka, na fito, na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka da jika. Na buɗe mata ƙofar gaba.

"Inna, shigo in kai ki gida."

"A'a, Likita, kada mu kashe maka ita."

"Wallahi tana iyawa, Inna. Ran nan ma tana iyawa. Ni na ji tsoro."

Ta dube ni ta yi murmushi, irin na babba da ya ga ana son a faranta masa rai da ƙarya. Ba ta yarda ba, kuma na ga ba za ta yarda ba. Da ta ga na ƙi tashi, sai ta sauke ƙorenta daga ka, ta juye ɗan sauran nonon a ƙaramar roba, ta miƙo mini ƙoren.

"To ɗauki waɗanga, ba su da nauyi. Ka aje min bakin hanyarmu, yara na ɗauka."

Na jera su a kujerar baya. Ta tsayar da mai mashin, ta tattare zanenta ta hau da ƙyar, suka wuce gaba. Na bi bayansu a hankali har bakin hanyar ruga, ni kaɗai a mota, ƙoren suna ta ƙwanƙwasar juna a bayana.