Tambayar da aka yi mini a bakin ɗakin wanka

Ni ma ƴar ƙungiyar ce, kada wani ya ɗauka daga waje nake jifa. Matan unguwarmu a Gaya ta Nijar muka kafa ta don hana zubar da ciki, kuma har gobe ban yarda da zubar da ciki ba. Da farko aikinmu mai kyau ne. Idan yarinya ta yi cikin shege iyayenta suka kore ta, mu ke nema mata ɗaki, mu haɗa sabulu da gero da tsofaffin zannuwa, mu zauna da ita har ta sauka. Shugabarmu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa, ita ce kuma babbar mai wankan gawar mata a unguwar. Na ga Hajiyar nan ta goya jaririn da ba ta san ubansa ba, ba zan ci mata wannan ba.

Abin ya lalace ne bayan da labari ya zo cewa a ƙetaren kogi, a ƙasar Benin, an sassauta dokar zubar da ciki. Daga nan masu neman ƙuri'a suka gano mu. Aka kawo mana tabarmi da lasifika, aka fara kiranmu taro ana tafa mana. Sabulu ya ragu, ido ya ƙaru. Masu suyar kifi a bakin mashigi suka zama ƴan rahoto: wace ce ta shiga jirgi zuwa Malanville, da wace fuska ta dawo, tana tafiya daidai ko tana jan ƙafa. Wasu mata biyu kuma suka mayar da inuwar dalbejiyar ƙofar matarnite, asibitin haihuwa, wurin zamansu, wai suna yi wa masu haihuwa addu'a. Addu'ar me, ƙidayar cikin mutane suke yi.

Ƙanwata kuwa ƴar kasuwa ce, duk mako sai ta ƙetara sayo manja da gari. Mijinta direban kamyo ne, babbar motar kaya, ya fi zama a hanya. Tana da ɗa a nono, ko tafiya bai fara ba, sai ga wani ciki. Wannan shi ake kira kwanika, kuma duk macen da ta tashi a nan ta san abin da ke biyo baya: a yi miki dariya a gidan suna, a ce kin kasa haƙuri, kin cuci na goye. Don haka ta ɓoye. Ni kaɗai ta gaya wa, muna tsinke zogale.

"Yaya, ki rufa mini asiri har ya fito da kansa," in ji ta. Tana dariya tana rufe fuska, don tana son abinta. Har ta ce in mace ce ni za ta ba.

Ran kasuwa ta ƙetara kamar kullum. Wajen fitowa daga jirgi da jarkar manja a ka, ƙafarta ta zame a laka ta zauna da ƙarfi. Washegari jini ya ɓalle. Wannan karon ko ni ba ta gaya wa ba, don ta san zan ja ta asibiti ko tana so ko ba ta so. Ta yi lissafinta irin na mai tsoro: mai kwanika, ta dawo daga Malanville, ta shiga matarnite tana jini a gaban matan dalbejiya. Wa zai yarda ɓari ne? Kafin la'asar labari ya kai gidan surukanta. Sai ta rufe ƙofa, ta sha jiƙe-jiƙe, ta ce wa maƙwabta masassara ce.

Da na ji shiru ya yi yawa na je. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni. Jikinta zafi kamar tukunyar da aka sauke, leɓe ya bushe, yaron na ta jan riga tana kasa ɗaga shi. Na zage ta, wallahi na zage ta, ina kuka ina ɗaura mata zane.

"Yaya, bari sai sun tashi daga ƙofar," ta ce mini.

A wannan halin, su take tunani. Na tare kabu-kabu, na sa ta a tsakiya na riƙe ta ta baya. Matan suna nan a inuwarsu, suka bi mu da ido har muka shige. Sajfam ɗin, ungozomar asibitin, ta yi iyakar ƙoƙarinta, tana aiki tana faɗa: abin da ya rage a ciki ya ruɓe, da an zo da wuri wankewa kawai za a yi ta koma gida. Ƙanwata ba ta koma ba. Ta cika da hantsi, hannunta a cikin nawa.

Aka kawo ta gida. Mata suka cika tsakar gida, masu cewa sannu da haƙuri, masu cewa fonda tilas da Zabarmanci. An ɗora ruwa, an kawo magarya da turare da likkafani. Hajiya ta iso da mataimakanta, ta naɗe hannun riga, sannan ta ja ni gefe a bakin ɗakin da za a yi wankan. Ta sassauta murya, har da dafa kafaɗata.

"Ƴar nan, tsakanina da ke. Ɓari ne, ko hannu aka sa?"

Na dube ta. Na ce, "Hajiya, in hannu aka sa, ba za ku wanke ta ba?"

"Za mu wanke mana, musulma ce. Amma ya kamata mu sani, saboda na baya."

Amsar tana bakina. Kalma guda ce, gaskiya ce kuma, da na faɗe ta da sunan ƙanwata ya fita tas a unguwar. Amma a tsaye a wurin na gane abin da ake nema a gare ni. So ake in ce wannan dai ba ta cancanci ta mutu haka ba, ma'ana akwai wadda ta cancanta. Akwai wadda in ta zo tana jini, daidai ne ta ji tsoron ƙofar asibiti har ta ruɓe a ɗaki. Ban shiga ƙungiya don wannan ba, kuma ba zan sayi mutuncin ƙanwata da shi ba.

Na cire hannunta daga kafaɗata. Na kira gwaggonmu, tsohuwar da idonta ya fara raunana, na ce ta zo ta nuna mini yadda ake yi. Ban taɓa wanke gawa ba sai ranar. Gwaggo na zuba ruwa, ni ina wankewa, muka fara da dama. Nononta na ta zuba, ina gogewa yana dawowa.

Hajiya ta tsaya a waje har muka gama. Shekaru sun wuce, muna haɗuwa a gidan biki da gidan mutuwa, muna gaisawa. Wani lokaci takan riƙe hannuna fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, tana jira. Har yau ba ta sani ba, kuma daga bakina ba za ta ji ba.