Mataunin Kawu Barau

Duk wanda ya san Kawu Barau na Sheme ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya ga haƙoran mai gaishe shi. Ka durƙusa ka ce, "Ina kwana, Kawu?" sai ya kama haɓarka, ya ɗaga leɓe, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa, sannan ya ce, "Lahiya lau, amma ka rage shan rake." Dillalin shanu ne, kuma a wajensa da mutum da sa duk baki ake fara buɗewa. Shi kuwa har ya tsufa haƙorinsa ko ɗaya bai faɗi ba, kuma bai taɓa barin mu manta da haka ba.

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, maƙwabcinmu Alhaji Mudi ya dawo daga Makka da haƙorin zinari, ya kuma sayi sabuwar a-kori-kura. Zaure cike ana yi masa barka da sauka, Kawu ya kama haɓarsa.

"Na Allah ina ka kai shi?"

"Yana ciki, Barau. Rufe shi aka yi."

"Ba a rufe lafiyayye. Da kasuwa aka kawo ka, wallahi ban saye."

Tun daga ranar Alhaji ya daina yi masa magana.

A daminar shekarar na zo hutu daga Kaduna, na tarar da 'yata Binta a kwance. Ko rarrafe ba ta fara ba. Gudawa take yi da amai, abin da ta sha duk ya dawo. Mahaifiyata, Inna, wadda ita ce yayar Kawu, ta ce haƙori ne ke tafe. A garinmu kuwa ciwon haƙori ba na asibiti ba ne. An yarda cewa in aka yi wa yaro allura haƙori yana hanya, sai ya koma ciki ya kashe shi. Inna ta riga ta aika a kira wanzami ya tsaga dasashin yarinyar.

Binta 'yar fari ce. Matata Rabi ba ta ko kiran sunanta saboda kunya, balle ta yi musu da uwar miji a kanta. Ni ma a gaban Inna ba na ɗaukar ta. Muna tsaye muna kallo, kukan yarinyar yana ƙara yin ƙasa.

Sai ga Kawu ya shigo, kunci a kumbure kamar ya ɓoye goriba, ya ɗaure haɓa da rawani, yana warin kanumfari. Matauninsa ne, haƙorin tauna na can ciki, ya ruɓe, amma duk wanda ya tambaya sai ya ce iska ce ta buge shi. Asibiti kuwa bai taɓa taka shi ba. Mahauta mai fenti yake ce masa.

Ya karɓi Binta daga cinyar Inna, ya wanke yatsa, ya shafa dasashinta sama da ƙasa. Ya tsunkuli fatar cikinta ya saki, fatar ta tsaya a tattare. Fuskarsa ta canza.

"Yaya, wagga ɗiya ba ta da haƙori ko a mafarki. Bakinta ya bushe ƙayau, ba miyau. Dubi maɗigarta ta faɗa. Ɗan maraƙi in ya kai haka, ba ya ganin wata kasuwa."

"Jikar tawa ce maraƙi?"

"Ruwan jikinta ya ƙare. A tahi da ita Funtuwa yanzu."

Inna ta fizge yarinyar ta rungume. "Mahautar taka mai fenti? Kai da ba ka kai bakinka ba, ɗiyar mutane za ka kai? In wurin kirki ne, ka je su cire maka wancan ruɓaɓɓen. In ka yarda, ni ma na yarda."

Ta faɗa ne don ta san ba zai yi ba. Kowa ya sani. Muka ji sallamar wanzami daga zaure, har da ƙarar zabirarsa. Kawu ya dubi ƙofa, ya dubi Binta da idanunta suka shige ciki, ya dafe kuncinsa.

"Ɗauko mayafinki," in ji shi.

Saura mota, kuma mota ɗaya ce a unguwar. Na bi shi har ƙofar Alhaji Mudi. Alhaji yana zaune a kan buzu, ya kau da kai.

"Alhaji, haƙorin nan naka…"

"Mi ya yi?"

"Yana ɗaukar ido."

"Ka ce ya yi kyau."

Kawu ya ce, "Ya yi kyau. Tada mota, jikata na mutuwa."

Alhaji bai ko tsaya neman takalmi ba.

An kwana ana ruwa, hanyar da za ta fitar da mu kan kwalta ta zama taɓo. Rabi da Inna suna gaba da yarinyar, ni da Kawu muna baya. A wani kwari motar ta kafe. Muka dira muna turawa, taya tana watsa mana laka, Kawu yana nishi yana zagin motar da mai ita. Can na lura ba na jin kukan Binta. Sai muryar Rabi ta fito ta taga, a gaban surukarta, tana kiran sunan da ba ta taɓa furtawa ba: "Binta! Binta!" Ban san inda tsohon nan ya samo ƙarfi ba. Ya sa kafaɗa ya yi kabbara, motar ta fita, rawaninsa ya zauna a cikin taɓo.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ƙafa ta rasa. Daga ƙarshe ta aske gefen kan yarinyar ta sa allurar ƙarin ruwa a nan. Binta ko motsi ba ta yi ba. Inna ta ga allura ta shiga, ta juyo ta nuna ƙanenta da yatsa.

"Saura kai."

"Yaya, ki bari ta farka tukuna."

"Ba haka muka yi ba. In ka tsaya, yanzu in zare wannan abin in goya jikata."

Da gaske take, don har ta kama zanen goyo. Kawu ya miƙe.

Ni na raka shi ɗakin haƙori. Likitan saurayi ne, ya ce, "Baba, buɗe baki."

"Kai fara buɗe naka."

Likita ya yi dariya ya buɗe. Kawu ya leƙa da kyau. "Shayi da sukari gare ka. To, yi a hankali, wannan ya girmi ubanka."

Haƙorin bai fita da daɗi ba. Ihun da Kawu ya kurma, na tabbata an ji shi a tashar mota. Yana rufe baki, sai na ji wani siririn kuka daga ɗakin yara da ke kusa. Na fita da gudu. Binta ce, ta buɗe ido tana neman nono, Rabi tana kuka tana dariya, Inna ta zube a ƙasa tana hamdala.

Kawu ya shigo da auduga a baki, jini a gemu. Ma'aikaciyar jinya ta ce ruwan ne ya fara aiki. Ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa. Har ya koma ga Allah bai yarda ƙarin ruwa ya yi komai ba. Ihunsa ne ya tashe ta.

Haƙorin Binta na farko bai fito ba sai bayan an yanke dawa, kuma ko zazzaɓi bai zo da shi ba. Inna kuwa ta dama wa ƙanenta fura mai nono da yawa ta aika masa.

A ciwonsa na ajali Binta ce ta yi jinyarsa, tana goye da nata ɗan. Ita ke ba shi kunu da cokali, ita ta rufe masa ido.

Allah Ya jiƙan Kawu Barau, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya shayar da shi ruwan Alkausara, Ya raya mana abin da ya bari.