Mai Kai Takalmi

Ranar da na fara aikin jinya a gidan wata tsohuwa a unguwar Bin Mahmud da ke Doha, duka na sha. Na cire takalmina a ƙofa kamar yadda aka koya mana a gida, na riƙo shi a hannu na shiga. Ban rufe baki da sallama ba, sandar ƙarfen da take dogarawa ta sauka a goshina. Jini ya rufe min ido. Ta ƙara min a kafaɗa tana ihu da yarensu. Tsohuwar da aka ce min ko cokali ba ta iya ɗagawa!

Wallahi saura kaɗan in rama. Na ce khalas, shi ke nan, ni da gidan nan har abada. 'Yarta, wadda ita ce kafil ɗina, wato mai tsaya min a takardun aiki, ta kai ni aka yi min ɗinki, ta yi ta ba ni haƙuri har na zauna.

Da muka saba, Hajiya da kanta ta ba ni labari da guntun Larabcinta. Mijinta hafsan soja ne lokacin da ƙasarsu ke yaƙin neman 'yancin kai, kuma matan hafsoshi ke kai saƙon mutuwa. In soja ya faɗi a bakin daga, sai a ciro takalminsa, matar hafsa ta riƙo shi a hannu ta tsaya a ƙofar matarsa. Ba magana, ba gudu, ba tare fuska.

Ta buɗe baki ta nuna min wawulo, ta ce aikin taɓarya ne. Tabon wuyanta tafasasshen ruwa ne. Yatsunta biyu a karkace, wata ce ta datse su da ƙofa.

Na ce, "Haba Hajiya! Ku tsaya a yi ta jibgar ku kamar jakai?"

Ta ce, "Akwai wadda soja ya gaya wa mutuwar mijinta da baki ya yi tafiyarsa. Ba ta sami wanda za ta daka ba, ta faɗa rijiya da goyonta. Daga ranar muka karɓi aikin."

Ita ma Hajiya an kawo mata takalmin mijinta. Matar da ta kawo, da ido ɗaya ta koma gida.

Da ciwo ya ci ƙarfinta, ta damƙe hannuna. "In na tafi, kar ki buga wa 'yata waya. Halina gare ta. Mota za ta ja, kuma ba za ta iso da rai ba. Ki kai mata takalmina, ki tsaya."

Na ce to, amma raina a ɓace. Ni abinci na zo nema Doha, tabo ɗaya bai ishe ni ba?

Da hantsi ta cika a asibiti. Na roƙi mutanen asibiti kar su kira kowa tukuna, na tari tasi zuwa gidan 'yarta a Al Wukair da silifas ɗinta a cinyata. Tsoro nake ji sosai. Duk hanyar ina shafa waya, zuciyata na cewa kira kawai ki huta.

'Yar ta buɗe ƙofa da murmushi, sai idonta ya sauka a hannuna. Marin farko ya fasa min leɓe. Ta shaƙe min wuyan riga, ta gwara ni da bango, ta yi ta kai min naushi a ƙirji tana kiran uwarta. Ban tare ba. Da ta lafa, ta waiga wajen makullin motarta da ke rataye a bango, sai na sha gabanta na sake miƙa mata takalmin.

Ta dake ni har hannuwanta suka mutu, sannan ta zube a jikina tana kuka. Makullin yana nan inda yake.