Baba da Baffan Wamakko

Jiya muna zaune tsakar gida, Baba ya dubi Yaya Hadiza, wadda ke binciken ciwon daji a jami'a, ya ce, "Ɗiyata, kin ƙi duba marasa lafiya, kullum kina ɗakin gwaji. Mi kike nema?"

Ta ce, "Baba, jiki na da masu gadi. Shi wannan ciwon daga naman mutum yake tashi, sai masu gadin su ɗauke shi ɗan gida, su ƙyale shi. Dabarar da yake ɓuya da ita muke nema."

Baba ya aje kofin shayi. "Ba turo shi anka yi ba?"

"Ba a turo shi, Baba."

Duk mun san labarin. Zamanin soja, da kuɗin mai sunka shigo, wansa Umaru ya buɗe shagon atamfa, sai wuyansa ya kumbura da irin wannan ciwon har ya rasu. Boka ya ce ɗan'uwansu Baffa Sani na Wamakko ya yi mashi sammu saboda hassada. Tun sannan Baba bai sake ba shi hannu ba.

Can Baba ya ce mani, "Gobe ka ɗauko babur ka kai ni Wamakko."

Na ce a hankali, "Baba, Baffa ya rasu bara."

"Na sani. Ai ya bar ɗiya, su zan roƙa gafara."

Jama'a, in kuna da wanda anka raba ku da shi a kan zato, mi kuke jira?