Kashe Shi

Mu biyar ne a ɗakin ranar. Akwai ni, da bokitina da sandar goge ƙasa. Akwai jikana, ɗan ɗiyata, wanda masana'antar magani ta ɗauka koyon aikin injiniya, rabin mako yana jami'a, rabi yana gindin inji. Akwai mai tuƙa injin zuba magani a kwali, wani siririn ɗan Bangaladash. Akwai yarinya Balarabiya mai auna ƙwayoyi a sikeli. Sai wani ƙaton ɗan Maraɗi mai jan kaya a kura. Muhandis ɗin, wato babban injiniyan da ke koya wa jikana aiki, ba ya nan, mudir, wato manaja, ya kira shi sama.

A unguwar Gubaira, nan ƙasar Larabawa, aka haifi yaron, Larabcinsa ya fi Hausarsa, amma tsiyar jika da kaka da Hausa yake yi mini ita.

"Tsohuwa, kin bar ƙura a nan. Zan sake ki fa."

"Ka sake ni wa zai kwashe ka? Miji ko gemu babu. Ina kwaɗonka?"

Ƙa'idar gidan ce, duk wanda zai sa hannu cikin inji sai ya yanke wuta daga tushe, ya datse makunnin da jan kwaɗonsa, makulli a aljihu. Nasa kwaɗon yana reto a ƙugunsa.

"Kwali ɗaya ne ya maƙale, ya jadda," in ji shi, kaka ke nan da Larabci. "Kafin ki matse tsumma na fito."

Tun safe mudir ke bugo waya, yalla yalla, a yi sauri, motar kaya tana jira. Yaron ya danna maɓallin tsayarwa kawai, ya zagaya bayan injin, ya durƙusa, ya zura hannun dama har gwiwa tsakanin sarƙa da haƙoran ƙarfe. Mai tuƙin ya dawo daga sallar azahar, ya ga injinsa a tsaye, bai ga kowa a gabansa ba, ya danna koren maɓallin kunnawa.

Na ji ƙarar kafin na ji ihun. Kamar kare ya samu ƙashin kaza. Jini ya yi tsartuwa a kan fararen kwalaye, sarƙar ta ci gaba da jan su jajaye. Yaron yana ta "Waggif! Waggif!", wato a tsayar, amma rugugin injin ya danne muryarsa. Mai tuƙin ya sandare, hannunsa a ka.

Ina can ƙarshen ɗaki, ƙasa jiƙe da ruwan sabulu. Ɗan Maraɗi ne kusa da babban jan maɓallin gaggawa, kafaɗarsa har tana gogarsa. Na nuna da sandata, na kwarma iya ƙarfina:

"Kashe shi! Kai, kashe shi!"

Injin nake nufi. Amma inda sandar ta nuna, nan mai tuƙin ke tsaye.

Ɗan Maraɗin nan yana son jikana, injiniyanmu yake ce masa. Ya dubi jinin, ya dube ni, ya sunkuya ya ɗauki babbar sufana daga akwatin aikin yaron. Bugun farko a muƙamuƙin mai tuƙin ya sauka, takunkumin fuskarsa ya cika da jini, haƙori ya faɗo yana gangarawa a ƙasa. Na biyu a haƙarƙari. Ya bi shi ƙasa ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya shaƙe shi yana cewa, "Ka ci mana yaro! Ka ci mana yaro!"

Inji kuwa yana nan yana ci.

Na yanka da gudu, santsi ya kwashe ni, haɓata ta daki ƙafar tebur. Ina rarrafe ina ihu, "Injin, ɗan banza! Injin!" Balarabiyar ce ta tsallake su biyun, ta maka wa jan maɓallin hannu. Ɗakin ya yi tsit, sai kakarin mutumin da ake shaƙewa. Na miƙe na zabga wa ɗan Maraɗi sandar a gadon baya har ta karye, sannan ya saki.

"Hajiya, ke kika ce..."

"Rufe mini baki. Zo ka riƙe masa kai."

Sai da muhandis ya sauko ya kwance sarƙar da hannunsa kafin aka zaro na yaron. Ban kau da ido ba. Abin da ya fito bai yi kama da hannu ba. Na ɗaure damtsen da ɗankwalina na ƙarƙashin hula, na riƙe shi sama har motar asibiti ta zo. Mutum biyu ta ɗauka. Shurɗa, wato 'yan sanda, suka ɗauki na uku.

Da suka tambaye ni ko ni na ba da umarnin kisa, wani direba ɗan Kano ya yi mana tafinta. Na ce ya gaya musu mu inji kashe shi muke yi, fitila ma kashe ta muke yi, har ƙishirwa. Jami'in ya daɗe yana kallona, ya ce in tafi. Mai tuƙin ya rayu, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Ɗan Maraɗi bai sake taka masana'antar ba.

Washegari da sassafe na hau mota zuwa asibiti a Shumaisi. Likita ya ce ƙananan yatsu biyu sun tafi, na tsakiya an ɗinke shi. In babban yatsa da manuni suka motsa, zai riƙe biro, zai riƙe sufana. In ba su motsa ba, a nema masa wata sana'a. Uwarsa tana gefen gado tana kuka, na kore ta waje.

Yana kwance fuskarsa a bango, kan yatsun biyu ya leƙo daga bandeji, sun kumbura sun yi baƙi.

"Juyo. Motsa su."

"Jadda, da ciwo."

"Na san da ciwo. Motsa."

Ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Manunin ya yi rawa. Babban ya lanƙwaso a hankali har ya kusa taɓa shi.

"Sake," na ce, na jawo kujera na zauna.